Rijiyar Arzika da Tsohon Falale

Igiyarmu gaba talatin ce. Ni na tufka ta da hannuna, na auna ta har sau biyu, don haka kada wani ya ce na yi kuskuren awo. Amma ranar wata Talata da rana tsaka, a bakin rijiyar da muke haƙa wa mutanen Tungar Ɓaure, na tsaya ina kallon igiyar nan tana zurarawa ciki da gudu. Ta wuce gaba talatin, ta wuce sittin, na daina bi a ɗari, kuma naɗin da ke gaban ƙafata bai ragu ko kaɗan ba. Ɗaya bakin igiyar kuwa yana ɗaure a ƙugun yayana Arzika.

Ni sunana Nomau. Shekara ashirin da biyu muna haƙar rijiya ni da Arzika, shi a ciki da dagi, ni a sama ina jawo gugan ƙasa ina juyewa. Mutane suna ce mana mahaƙa, ina amsawa da fara'a, amma gaskiyar magana ban taɓa sauka fiye da gaba uku ba. Da na leƙa rami mai zurfi sai jiri ya ɗebe ni. Arzika ya san haka, bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba.

Ran nan mun kai gaba ashirin da shida. Na ji wata ƙara daga ciki, gum, ƙura ta taso ta cika mini ido, sai igiya ta fara gudu. Da ta tsaya na kama ta, na saurara da tafin hannuna. Muna da alama tsakaninmu: ja ɗaya, ɗauke, ja biyu, sassauta, ja uku, ina cikin hatsari. Na ji uku. Duk da haka na yi hamdala, domin matacce ba ya jan igiya.

Na kwarma ihu, gari ya taru. Ƙarti goma sha biyu suka kama igiyar suka ja har fatar hannunsu ta sale, ko motsi ba ta yi ba. Ana cikin haka sai ga Tumba matar Arzika da ƙwaryar fura a ka, ta kawo mana abincin rana.

Ta ce, "Nomau, ina yayanka?"

Na nuna mata rijiya.

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "To mi kaka jira? Wa ka tahiya in ba kai ba?"

Jama'a suka zuba mini ido, su a ganinsu ga gwani a tsaye. Na yi bisimilla, na kama igiya, na zura ƙafa.

Ban kai gaba biyar ba, sai bangon rijiyar ya buɗe kamar ƙofar zaure. Igiya ta karkata ta shiga, ni ma na bi ta. Na tsinci kaina a wata ƙasa ja, samanta ma jar ƙasa ce, saiwoyin itatuwa suna reto daga can. Ga murahu birjik babu wuta, ga duwatsun niƙa da suka lotse, ga fasassun tukwane ko'ina. Wani gajeren halitta ya tare mini hanya, rigarsa duk tsingaro ce aka ɗinka, in ya motsa sai ta yi ƙaras-ƙaras.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, ɗan Adam. Ni ne Mai Tsingaro, mai tsaron shimfiɗa ta sama. Me ya kawo mai numfashi ƙasar waɗanda suka kwanta?"

Na durƙusa. "Ranka shi daɗe, yayana nika biɗa. Igiyar ga tana ɗaure gare shi."

"Mun san shi. Ya huda shimfiɗunmu ɗaya bayan ɗaya babu sallama, har ya faɗa hannun Tsohon Falale, babbanmu, can ƙasan ƙasa. Ka sani, duk abin da ya kwanta a wurinmu dutse yake zama. Yanzu haka dutse ya kama tafin ƙafarsa, yana hawa a hankali. In ya kai maƙogwaro, ya zama namu har abada. Ba ka wuce ni sai ka amsa tambayata. In ka kuskure, dutsen zai yi tsalle."

Ya buɗe tafinsa ya jera dunƙule huɗu a gabana: jar ƙasa, farin dutse, baƙin yumɓu, da dutsen yashi ruwan ɗorawa. Ya ce, "Wanne ya riga zuwa?"

Wallahi har daɗi na ji. Wa ya kai ni sanin waɗannan? Shekara ashirin da biyu ina karɓarsu a guga. A kowace rijiya ja ce ke fara fitowa, sai fari, sai baƙi, can a ƙarshe yashi. A tulin da nake tarawa gefen rijiya ma ja ce a gindi, sauran suna kanta. Ban ko haɗiye yawu ba na ce, "Ja, ranka shi daɗe. Kullum ita ka hwara zuwa."

Ya tuntsire da dariya har tsingaro biyu suka faɗo daga kafaɗarsa. "Wurinka take fara zuwa, mai guga! Ka taɓa ganin an ɗora tabarma a kan wadda ba a shimfiɗa ba tukuna? Na ƙasa shi ya riga kwantawa, na sama shi ya zo daga baya. Ni ne autansu duka. Ka ba ni girman da ba nawa ba, na kuwa ji daɗinsa, shi ya sa zan bar ka ka wuce. Amma dutse ya kai gwiwa."

Igiya ta fizge a hannuna da ƙarfi, na jiyo muryar Arzika can nesa, ƙara ɗaya tak. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Ashe tulin da nake taƙama da shi a kife yake, ni kuma duk rayuwata shi nake karantawa. Da bakina na cinye ƙafafun ɗan'uwana. Na tashi na bi igiya da gudu, ban ko yi wa Mai Tsingaro sallama ba.

Hanya ta matse ta zama rami cikin marmara, na yi rarrafe, duwatsu suna kartar mini baya. Da na fita sai haske ya kashe mini ido. Fili ne fari fat, iyakar ganina, kuma ba ƙasa nake takawa ba, ƙumba ce da katantanwa maƙil, duk sun zama dutse. Babu ɗigon ruwa, amma iska tana warin gishiri. Wata doguwar mace fara tana tsaye a tsakiyar filin, gashinta yana ɗigar da ruwa, ruwan yana ɓacewa kafin ya taɓa ƙasa.

Ta ce, "Cire takalminka, baƙo. Ni ce Uwar Ƙumba, kuma a gindin teku kake tafiya."

Na cire, amma bakina bai iya shiru ba. "Teku, ranki shi daɗe? Nan inda mata ka tahiya yini guda biɗar ruwan sha?"

"Nan ɗin. Ya zauna a kan ƙasarku har kifaye suka manta akwai tudu. Duk wanda kake takawa ya rayu, ya mutu, ya nutse, wani ya kwanta a kansa. Ɗora yatsanka a bangon nan."

Na ɗora.

"Kaurin yatsan nan naka ya ci shekara dubu kafin ya taru. Yanzu ɗaga kai."

Na ɗaga. Bangon ya fi tsawon rimi. Na fara ƙirga yatsu nawa zai yi, ban kai tsawon ƙirjina ba kaina ya fara juyawa. Kakan kakana, wanda muke ambata kamar shi ya buɗe duniya, ko farce ɗaya bai ci ba a bangon nan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ba na aljana ba, na yawan abin da ya wuce kafin mu.

Ta wuce gaba na bi ta, har muka iso bakin wani kwazazzabo mai hazo a ciki. A nan igiya ta shige hazon, na neme ta na rasa. Gadoji biyu ne suka ƙetara, dukansu ƙashin bayan wata dabba ne. Ɗaya ta miƙe sak zuwa wata farar ƙofa daidai da inda nake tsaye. Ɗayar ta yi sama, zuwa wata farar ƙofa can bisa.

Uwar Ƙumba ta ce, "Ƙasa ta taɓa tsagewa a nan, ta raba mini gida biyu. Ɗaya daga ƙofofin can ci gaban shimfiɗata ce, a can igiyarka take. Ɗayar ta wani zamani ce, wanda ya shige ta ba ya fita. Zaɓi."

Ƙafata har ta taka gada ta farko. Ai ƙasa zan je, me zai kai ni hawa? Ga ƙofa fara, daidai da ni, launi ɗaya, dutse ɗaya. Amma amsar da na yi da gaggawa ɗazu tana nan tana ci na, sai na janye ƙafar na tsuguna.

A ƙarƙashin ƙafata akwai waɗansu dunƙulallun duwatsu kamar ƙosai, kowanne da zanen tauraro mai ƙafa biyar a baya. Na san su. Mai jan guga yana da zaman jira da yawa, ni kuma ɗan dara ne, da su nake yin 'ya'yan dara. Na abokin wasa kuwa waɗansu ne naɗaɗɗu kamar ƙahon rago. Sai na tuna wani abu da ya sha ba ni haushi: ban taɓa samun iri biyun a guga ɗaya ba. Masu tauraro ke fara fitowa, sai na yi kwana tara ko goma ina jira kafin Arzika ya kai ga masu ƙaho. Ko a wace rijiya haka ne, ba sa cakuɗuwa.

Na ƙanƙance ido na duba ƙofar da ke daidai da ni. Bakinta duk masu ƙaho ne. Na ɗaga kai na duba ta sama, da ƙyar na hango taurari a jikinta.

Na ce, "Ta bisa, ranki shi daɗe. Launi guda na, amma mazauna ba guda ba. Naki masu tauraro na, ga su can bisa. Wancan gehe shi yat tashi lokacin da ƙasa tat tsage."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Dutse yakan yi kama da dutse, amma kowane zamani da mutanensa. Hau. Dutse yana cinya, ba ka da lokacin tsayawa."

Na hau gadar da rarrafe, idona a rufe, ina karanta duk abin da na iya. Ƙashin yana motsi a ƙarƙashina. Ban buɗe ido ba sai da goshina ya bugi ƙofa, na lalubo igiya a bayanta, na rungume ta. Na ja sau biyu, ba don a sassauta ba, sai don Arzika ya san ina tafe. Na daɗe ina jira kafin amsa ta zo, kuma ba ta da ƙarfi.

Daga nan hanya ta gangara, ta ratsa ta gefen masu ƙaho, ta nutse cikin baƙin yumɓu. Babu ƙofa, babu mai tsaro, igiya kawai ta shige cikin laka. Na cika ƙirjina da iska na bi ta. Ashe a cikin lakar nan ƙasusuwa ke iyo. Ina jin su suna goga ta, haƙarƙari, ɓawon kunkuru mai faɗin jinkar ɗaki, haƙora masu tsini uku. Wani abu mai kan kada da wutsiyar kifi, ƙashi zalla, ya zagaya ni sau biyu, a na uku ya cafke rigata ta baya. Na ja, ya ja. Numfashina ya kusa ƙarewa, na saki igiya da hannu ɗaya na zame daga rigar na bar masa. Na faɗo ta ƙasa tsirara daga ƙugu zuwa sama, ina tari, laka tana fita ta hancina.

Inda na faɗo daji ne, amma babu itace ɗaya a tsaye. Manyan kututtura ne kwance cikin yashi, da ɓawonsu da gaɓoɓinsu, na ƙwanƙwasa ɗaya ya yi ƙarar dutse. Igiya ta bi ta ƙarƙashin wani kututture, a kansa kuwa wata tsohuwa ce zaune da rariya, tana tankaɗe ƙura a kan wani ganye guda.

Na gaishe ta na ce, "Inna, ki ba ni hanya in wuce."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗan dakata, jikana, in rufe ganyen nan tukuna."

An hore mu da girmama tsofaffi, kuma tun da na shigo ƙasar nan ba wanda ya yi mini magana da taushi sai ita. Na tsuguna na jira. Ta kaɗa rariya sau ɗaya, ƙwayar ƙura ɗaya ta sauko. Ta zauna. Na jira. Zufa ta karyo mini.

"Inna, kamar yaushe za ki ƙare?"

"Ba nisa. Shekara ɗari uku, in ban yi nawa ba. Duk abin da ka ratso ai ni na tankaɗe shi."

Na yi tsalle na haye kututturen, tsohuwa da rariyarta na bar su a baya. Ina gudu ina jan igiya, sau biyu, sau biyu, sau biyu. Ba amsa. Sai can na ji wani ɗan motsi, kamar na mai barci.

Yashi ya ƙare, na sauka a kan wani falalen dutse baƙi, shafal, babu iyaka. Babu ƙumba a nan, babu ƙashi, babu ganye, ko sawun tsutsa babu. Shirun wurin har kunne yake toshewa. A tsakiya na hango Arzika zaune, ya jingina da wani tudu. Daga ƙafa har ƙirji ya zama baƙin dutse, hannun hagu ma ya tafi. Na dama ne kawai ya rage, yana riƙe da igiya da yatsu biyu.

Ya juyo da ido ya gan ni. Ya ce, "Nomau? Kai na? Kai da ba ka wuce gaba ukku?" Har murmushi ya yi.

Na ce, "Yi shiru, Yaya." Na kama shi ta hammata na ja, kamar mai jan tsauni.

Sai tudun da ya jingina da shi ya buɗe ido. Idanun sun fi faifai girma. Muryar ba daga baki ta fito ba, daga ƙarƙashin ƙafata na ji ta, kuma tsakanin kalma da kalma mutum zai iya shan ruwa.

"Sake shi, ɗan jiya. Ni ne Tsohon Falale. A kaina aka shimfiɗa duk abin da ka ratso."

Na zube. "Ranka shi daɗe, ka yi mani rai. Ba da gangan yah huda gidanku ba. Ruwa muka biɗa, mutane ƙishi suka ji."

"Ban riƙe shi don fushi ba. Kowace shimfiɗa tana da shaidarta. Mai yashi yana da itatuwa, mai yumɓu yana da haƙora, mai fari tana da ƙumba, har autanmu yana da tsingaro. In aka tambaye su, su nuna. Ni na kwanta tun babu mai motsi a bayan ƙasa, ba ni da ko ƙaya. Na jira tsawon abin da ba ka da sunansa, sai yau aka jeho mini wannan. Ba na bayarwa."

"To ka ɗauke ni madadinai."

"Dutse ba ya musanya."

Na dubi Arzika. Baƙin ya haura ƙirji, ya taɓa ƙashin wuya, ina ganinsa yana hawa kamar ruwa a tsumma. Na yi kuka, na yi magiya, na haɗa shi da Allah. Tsohon ya lumshe ido. Ni ba mai baki ba ne, ko a kasuwa Arzika ke yi mana ciniki. Amma da na ga idanun nan za su rufe, sai haushi ya taso mini, na miƙe tsaye.

Na ce, "Ashe ku ma kuna ƙarya."

Idanun suka buɗe.

"Awo, ƙarya. Can bisa na ce ja ta riga hwari, kunka ci ƙahwahun yayana don na kihe tsari. Na yarda, na yi kuskure. To kai mi kaka shirin yi? Wanga mutum jiya-jiya anka haihe shi. In ka aje shi nan, wata rana wani shi haƙo, shi iske mutum ƙarƙashin itace, ƙarƙashin kihi, ƙarƙashin teku. Mi zai ce? Zai ce ɗan Adam ya riga su duka. Shaidar da kaka so, shaidar zur ta. Kai ad da girma, kai za ka ɓata abin da duk ƙannenka sunka jera?"

Falalen ya yi rawa har na faɗi. Na ce shi ke nan, na kashe mu duka biyu. Baƙin ya tsaya a gindin maƙogwaron Arzika, bai hau ba, bai sauka ba.

Tsohon ya ce, "Ka faɗi gaskiya. Rashin shaida ita ce shaidata, na sani, kaɗaici ne ya sa na so in manta. Wurinsa yana sama. Amma ni ma zan faɗa maka gaskiya, don kada ka ce an yaudare ka. Lokacin da bangon rijiya ya rufto, a bayansa ya sauka. Abin da ya karye a cikinsa ba ya gyaruwa. Dutsena ne ya riƙe shi. In ya zauna a nan, zan tsayar da dutsen inda yake, ba zai mutu ba, yana gani, yana ji, har tsohuwar can ta tankaɗe wata shimfiɗa a kan garinku. In ka hau da shi, dutse zai sake shi mataki-mataki, ba zai ga faɗuwar ranar yau ba. Rai ba nawa ba ne, ba ni bayarwa. Jinkiri kawai nake da shi."

Na rarrafa wurin Arzika na kama hannun nan nasa guda. Na ce, "Yaya, ka zamna. Ni riƙa zuwa. Na san hanya yanzu, ko wace Juma'a ni zo, in kawo maka labarin gida."

Ya ce, "Shekara nawa za ka yi kana zuwa, Nomau? Ashirin? Bayan nan hwa?"

Ya ci gaba da magana.

"Ni zamna nan ni kaɗai, ba alwala, ba kiran salla, ba wanda ya san sunana? Kai ka ga bangon can. Ka ƙirga shi?" Ya matse mini yatsu. "Kai ni gida. Ina son a yi mani wanka, a sallace ni, a sa ni inda anka sa Baba."

"Yaya..."

"Ɗauke ni, ƙanena. Ka yi na wuya, saura mai sauƙi."

Ba mai sauƙi ba ne. Falale ya sake shi, na goya shi, na ɗaure mu da igiya. Nauyinsa ya kusa karya ni, amma ina murna da nauyin, domin na san abin da raguwarsa take nufi. A dajin dutse ƙirjinsa ya saki, ya yi tari. A cikin baƙin yumɓu ƙasusuwa suka dare suka ba mu hanya, cikinsa ya saki, na ji yana nishi a kunnena. A farin fili Uwar Ƙumba ta juya mana baya, a nan ne na ji wani abu mai ɗumi yana bin gadon bayana. Na rage sauri. Ina sane na rage, ina taku kamar mai tsoron tashin jariri.

Ya ce, "Kana nawa, Nomau. Na gane ka."

Muka iso jar ƙasa, muka wuce Mai Tsingaro, ya riƙe rigarsa da hannu biyu don kada ta yi ƙara. A bakin ƙofar nan da ta buɗe cikin bangon rijiya na tsaya. Ina hango da'irar haske a sama da kawunan mutane. Dutse ya rage a tafin ƙafarsa kawai.

Na ce, "Yaya, har yanzu muna iya komawa."

Ya ce, "Ja igiya."

Na ja, sau ɗaya.

Da suka fito da mu rana ta ɗan karkata kaɗan, furar Tumba ko tsami ba ta ƙara ba. Aka kwantar da shi a inuwar ɓaure, Tumba ta tallafe kansa, ya kurɓi fura sau uku ya ce ta yi daɗi. Ya yi azahar da ishara. Ya yi mata magana a hankali, na matsa nesa don ba tawa ba ce. Ya kira ni ya ce kada a sake haƙa wurin, a matsa gabas da taku arba'in. Ladan bai gama kiran la'asar ba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Aka yi masa wanka, gari duka ya sallace shi, kafin magariba mun kai shi kusa da Baba.

Har yau in na shiga kasuwa ana nuna ni, ana cewa ga wanda ya shiga ƙasa ya ɗauko ɗan'uwansa. Liman ya ce ajali ne, ba mai ƙara masa ko rage masa, na kuwa yarda. Tumba ta yi mini godiya ranar sadakar uku, ta ce na mayar mata da shi ta ji muryarsa. Duk na ji. Amma ni na san abin da ba su sani ba. A duk rayuwata gardama ɗaya na taɓa ci, ita ce wannan, kuma igiyar da ta kawo shi ga mutuwa da hannuna na ja ta. Da na taurare na ƙi, da yanzu haka Arzika yana can zaune da ransa, idonsa biyu, yana jiran Juma'a.

Shekara tara ke nan ina tambayar kaina ko daidai na yi. In na amsa da safe, kafin la'asar na sauya.